Hazo ne ko hayaƙin masana'anta? Batun auna iskar makarantunmu

Yayata malamar firamare ce a gefen garin Gombe, kuma kullum da safe, kafin ta ɗauki alli, sai ta sa 'yan ajinta sun kaɗe bencina, ita kuma ta goge teburinta da tsumma. Ranar da na kai mata wani saƙo cikin watan Janairu, ta ɗaga tsumman ta ce in duba. Ƙurar hunturu kowa ya san kamarta, fara ce mai ɗan ja-ja. Wannan kuwa da baƙi-baƙi a cikinta, ga ɓurɓushin toka wanda in ka murza a yatsa sai ya bar maka tabo. Ta nuna mini bayan katanga da haɓa. Injin casar shinkafa ne, an cinna wa tulin ɓuntu wuta tun dare, yana ci a hankali, hayaƙinsa ya zo ya kwanta a filin da yara ke layin asambuli, bai tashi sama ba, bai kuma wuce ba.

Na ce, "Yaya, ba ku yi musu magana ba?"

Ta ce, "Hedimasta ya je har sau biyu. Mai wurin ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce, Malam, ai lokacin hazo ne, ko a gidana haka yara ke tari. To kai, me za ka ce masa?"

Tun ranar nake juya wannan amsa, domin mutumin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda yake cikin wuraren da suka fi ko'ina tada ƙura a duniya, ta zo ta juye mana ita a Gombe da Bauchi da duk ƙasashen da ke kan hanyarta. Yara na tari a unguwar da ba ko injin markaɗe. Saboda haka duk mai bututun hayaƙi a yankinmu yana da mafaka ta wata huɗu ko biyar a shekara, kuma malamin da ya je masa da ƙorafi ba shi da abin nunawa sai tsumma da kalmar bakinsa. Maganar hedimasta da ta mai inji sai su zama kunnen doki. Abin da zai raba gardamar shi ne awo, a cikin harabar makarantar, a lokacin da yara suke ciki. Shi ne kuma abin da ba mu saba yi ba.

Sai an fahimci abin da ake aunawa kafin a gane dalilin da ya sa ido da hanci ba su isa shaida ba. Ƙurar da ke yawo a iska girma-girma ce. Wadda ido ke gani, mai sauka a kan tebur, yawancinta gashin hanci da majina ke tarewa. Ƙasa da ita akwai wadda masana ke kira PM10, mai wucewa zuwa maƙogwaro da hanyoyin numfashi. Sai kuma PM2.5, wadda in aka jera ƙwayoyinta kusan 30 ne za su kai kaurin silin gashin kai guda. Wannan ita ke gangarawa har can ƙarshen huhu, inda iska ke haɗuwa da jini, mafi ƙanƙantarta ma takan ratsa cikin jinin. Hayaƙin ƙone-ƙone, na ɓuntu ne ko na taya ko na dizal ko na kwal, mafi yawansa irin wannan ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ma'auninta, ta ce bai kamata PM2.5 ta wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska ba a matsakaicin yini guda, a matsakaicin shekara kuwa kada ta wuce 5. Ga PM10, 45 a yini, 15 a shekara. Iskar da ta ninka wannan sau uku ko huɗu tana iya zama garau a ido. Bayan ƙura akwai iskoki masu guba da ba sa barin tabo a tsumma ko kaɗan, kamar iskar farar wuta mai fitowa daga ƙona kwal da man da ba a tace sosai ba, da iskar NO2 ta manyan injuna da janareta. Akwai kuma ƙarafa masu hawa kan ƙura su shiga jiki tare da ita, uwa uba dalma.

Yaro kuwa nasa lissafin daban ne. Babba a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, ɗan firamare ya fi haka, in kuma aka fita tara ya shiga guje-guje sai ya koma shaƙa ta baki, ya tsallake matatar da Allah ya yi masa a hanci. In aka kwatanta da nauyin jikinsa, iskar da yake zuƙa ta fi ta babba. Huhunsa bai gama ginuwa ba, yana ci gaba da girma har ya kusa shekara 20, kuma abin da ya tauye a wannan tsakani ba lallai ya dawo ba. Wani dogon bincike da aka yi a kudancin Kalifoniya ta Amurka, wanda aka bi yara daga shekara 10 zuwa 18, ya nuna cewa waɗanda suka tashi a garuruwan da iska ta fi gurɓata sun fi samun huhun da bai kai yadda ya kamata ba. A Basalona ta Sifaniya kuma, an bi yara sama da 2,700 a makarantu 39, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna cewa ci gaban riƙe abu a kai da natsuwa ya fi tafiyar hawainiya a makarantun da hayaƙin motoci ya fi yawa. Wannan na biyun ya fi tsaya mini a rai. Mukan ce yaro daƙiƙi ne, ko wasa ya yi masa yawa, ba mu taɓa tambayar abin da ya wuni yana shaƙa ba.

Hayaƙin da na gani kwance a filin makarantar Yaya yana da dalili, kuma dalilin ya shafi yadda za a yi awon. Da daddare a hunturu, sama ba gajimare, ƙasa na saurin yin sanyi, sai iskar da ke daf da ita ta fi ta samanta sanyi da nauyi. Iska mai ɗumi ta zauna a bisa kamar murfin tukunya, duk hayaƙin da ya fito daga ƙasa ya rasa hanyar hawa. Murfin ba ya buɗewa sai rana ta ɗaga ta gasa ƙasa, wajen ƙarfe tara ko goma. Ke nan lokacin da hayaƙi ya fi taruwa a ƙasa shi ne daidai lokacin da muke fito da yara fili, mu jera su layi-layi, mu sa su rera taken ƙasa da iya ƙarfin huhunsu. Jami'in da ya iso da na'ura ƙarfe ɗayan rana, ya yi minti 30 ya rubuta lamba ya tafi, bai yi ƙarya ba, amma iskar da ya auna ba ita yaran suka shaƙa ba.

Haka ma alkiblar iska. A hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina ta juya ta fito daga kudu maso yamma. Makarantar da ke kudu maso yammacin masana'anta ita ke shan hayaƙi a zangon karatu na biyu, wadda ke ɗaya ɓangaren sai ruwa ya sauka nata ya zo. Awon wata guda zai iya wanke masana'antar da ke da laifi, zai kuma iya shafa wa marar laifi kashin kaji.

A nan ne amsar tambayar Yaya take. Hazo bai san katanga ba, yana sauka a gabashin inji kamar yadda yake sauka a yammacinsa. In aka kafa na'ura biyu, ɗaya a inda iska ke fitowa kafin ta bi ta kan masana'antar, ɗaya a makarantar da iska ke nufa bayan ta wuce, aka haɗa da ɗan ƙaramin ma'aunin alkiblar iska, to abin da na'urorin biyu suka yi tarayya a kai na hazo ne da na gari baki ɗaya, rarar da ke kan ta makaranta kuwa tana da mai ita. In rarar tana hawa duk lokacin da aka kunna wuta, tana sauka ranar da ba a aiki, magana ta ƙare. Sannan kowace ƙura da shaidarta. Ta hamada yawanci yashi ne da yumɓu. Ta siminti sinadarin farar ƙasa ya yi mata yawa. Ta ƙone-ƙone baƙar toka ce. Dalma da manganis masu yawa yawanci sai inda ake narka ƙarfe ko fasa batir ko dakan dutsen ma'adinai. In aka zuƙi iska ta cikin takardar tacewa na tsawon yini aka kai ɗakin gwaji, takardar za ta faɗi inda ƙurarta ta fito. Sahara ba ta aiko mana da iskar farar wuta.

Kayan awon ma hawa-hawa ne, kuma a nan mutane da dama ke ruɗewa. Akwai manyan na'urori na hukuma, waɗanda kotu ke yarda da sakamakonsu, masu tsadar dubban daloli, masu buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa da ƙwararren da zai riƙa kula da su. Akwai kuma ƙanana da suka yaɗu a 'yan shekarun nan, waɗanda ba su fi kwanon sha girma ba, kuɗinsu bai kai na sabon babur ba, suna iya aiki da farantin sola su riƙa tura lamba ta intanet kowane 'yan mintoci. Jami'ar Makerere ta Yuganda ta ƙera nata, ta sa musu suna AirQo, an kuma kafa su a birane da dama na Afirka. Ina goyon bayan waɗannan ƙananan, amma da sharaɗi. Da hasken leza suke ƙirga ƙwayoyin ƙura, kuma an gano cewa suna rage lissafi sosai in ƙurar mai kauri ce irin ta hamada, laimar damina kuma takan sa su ƙara. Ƙura na toshe su. Na'urar da aka gwada ta a Turai aka kawo Bajoga ba tare da an ajiye ta kusa da babbar na'ura an daidaita ta da yanayinmu ba, za ta iya ba da lambar da lauyan kamfani zai wargaza cikin minti biyar. Kuma ƙura kawai take gani, ba ta san dalma ba. Ga iskoki masu guba akwai wata hanya mai araha, 'yan bututu kamar yatsa da ake ratayewa a jikin sanda mako biyu zuwa huɗu, ba sa buƙatar wuta, a cire a kai gwaji. Sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Jihar Gombe, ko na Jami'ar Tarayya ta Kashere, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, irin aikinsu ke nan, kuma ɗalibansu na neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara.

Amurka ta taɓa bin wannan hanya, kuma akwai abin ɗauka a yadda ta faro. A ƙarshen 2008 jaridar USA Today ta ɗauki bayanan hayaƙin da masana'antu da kansu suke miƙa wa gwamnati, ta sa su cikin wani lissafin kwamfuta na hukumar kare muhalli ta ƙasar, ta jera makarantu kusan 128,000 gwargwadon yadda ake hasashen guba na isa gare su. Iyaye suka tashi. A 2009 hukumar ta kafa na'urori a makarantu sama da 60 a jihohi 22, ana ɗaukar samfuri duk bayan kwana shida na tsawon kwana 60. A yawancinsu ba a samu abin tada hankali ba, a wasu kuwa, kamar a jihar Ohayo, manganis ya fito da yawa, aka ci gaba da bin sawunsa. A ganina samfuri goma ya yi kaɗan ga wurin da iska ke juyawa da lokutan shekara irin namu. Amma abin lura shi ne 'yan jaridar sun samu lambobin da za su fara da su, saboda doka ta tilasta wa kowace babbar masana'anta ta bayyana abin da take fitarwa, kowa kuma yana iya dubawa.

Mu ma ba dokar muka rasa ba. Bayan da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta tantance tasirin duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, ana kuma baje rahoton don jama'a su gani su yi magana. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda ta fitar da ƙa'idojin ingancin iska a 2014. Jihohi ma na da nasu hukumomin muhalli: Gombe na da GOSEPA, Bauchi na da BASEPA. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Matsalar tana cikin yadda aka tsara aikin. Kamfani ne ke ɗaukar ƙwararren da zai auna masa, shi ke biyansa, rahoton kuma ya tafi ofis. Awon yakan tsaya a bakin bututu ko a shingen masana'anta, alhali dogon bututu yakan jefa hayaƙinsa nesa, ya tsallake maƙwabcin kusa ya sauka a kan na gaba. Mutanen gari kuma in ka ce musu hukumar muhalli, abin da ke zo musu a rai kwasar shara ce da tsaftar ƙarshen wata. Hukumomin ilimi na ƙirga azuzuwa da kujeru da bandakuna, iska ba ta cikin takardar da sufeto ke cikewa. Makarantar da ke jikin katangar inji ta faɗa tsakanin ma'aikatu biyu, kowacce na ganin aikin ɗayar ce.

In an ce masana'anta, hankalin mutumin Gombe Ashaka yake tafiya, kuma da dalili. Kamfanin simintin da ke ƙaramar hukumar Funakaye ya fara aiki tun 1979, ana kuma haƙo masa kwal a Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko. Ko'ina a duniya aikin siminti aikin ƙura ne da wuta: a fasa dutsen farar ƙasa, a niƙa, a gasa a murhun da zafinsa ke kaiwa digiri 1,450, a sake niƙawa, a loda a tirela. Matatun zamani na kama kusan dukkan ƙurar bututu in ana kula da su, kuma kamfanin da ke yin hakan shi ya fi kowa cin moriyar a auna iskar makarantun da ke kewaye da shi, domin lambar ce za ta wanke shi daga zargi. Amma ni abin da ya fi damuna ƙananan ne, waɗanda ba su da dogon bututu, ba su da matata, ba wanda ya taɓa neman rahoto a wurinsu, kuma a tsakiyar unguwa suke. Injinan shinkafa da na matsar gyaɗa. Gidan burodi mai cin itace. Masu babbaka da tsohuwar taya a bayan kwata. Wurin dafa kwalta in ana aikin titi. Injin fasa dutse a gindin duwatsun Bauchi, wanda ƙurarsa ke ɗauke da silika mai taurara huhu. Masu narka gwangwani su zuba tukwane. Sai waɗanda suka fi ba ni tsoro, masu fasa tsohon batirin mota da na sola su narka dalmar ciki a fili, ga kuma batiran sola na ƙaruwa a kowane gida, kowanne da ranar mutuwarsa.

Arewa ta riga ta ga abin da dalma ke yi. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare da ake dakawa a cikin gidaje. Ba wari, ba hayaƙi. Yara na suma suna jijjiga, ana yi musu maganin zazzaɓi, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara aka gwada jini. A 2015 ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Likitoci sun ce ba wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar illa. Kaɗan ɗin da ba ya kwantar da shi yana rage masa kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ba ya dawowa.

Na san abin da za a ce, kuma ban raina shi ba. Injin nan shi ke ciyar da gidaje da yawa a unguwar, wasu daga cikin yaran da ke tari ma da kuɗinsa ake saya musu littafi. Sau da yawa kuma inji ya riga makaranta zuwa. Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, tun daga nan take faɗaɗa, wuraren da da can bayan gari ne yanzu gidaje sun kewaye su, makarantun kuɗi da na Islamiyya na buɗewa a duk inda aka samu hayar gida. Mai inji zai iya cewa ku kuka same ni, kuma gaskiyarsa. Shi ya sa nake ganin tsoron da ake yi wa awo, cewa rufe wuraren sana'a zai jawo, bai da tushe sosai. Yawancin gyaran da lamba za ta nuna ƙanana ne. A daina ƙona ɓuntu a fili, tunda masu kiwon kaji da gidajen burodi na sayensa, ana kuma curo shi a yi makamashi. A ɗaga bututu. A riƙa yayyafa ruwa a injin dutse da kan hanyar da tireloli ke bi. A matsar da janareta daga jikin tagar aji. A kai asambuli ƙarfe goma a watannin sanyi, ko a yi shi a cikin azuzuwa. Abin da ba ya karɓar sulhu shi ne narka dalma kusa da yara, wannan tashi zai yi.

Awon zai kuma nuna mana namu laifin. A makarantu da yawa yara ne ke share busasshen fili da tsintsiya kowace safiya ba tare da yayyafa ruwa ba, sannan a tara sharar da ledoji a cinna wuta a bayan aji. Na'ura ba ta san wa take kunyatawa ba. Da na faɗa wa Yaya haka ta yi shiru, sannan ta ce ai su ma suna yi, ranar Litinin da Alhamis.

Akwai rabin aikin da ba ya buƙatar na'ura, wato rubuta abin da ke faruwa da yaran. A Landan, wata yarinya 'yar shekara 9, Ella Adoo-Kissi-Debrah, ta rasu a 2013 bayan fama da asma. A Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya yi ajalinta, karo na farko da aka rubuta hakan a takardar mutuwar wani a Birtaniya. Mahaifiyarta ta yi shekara bakwai tana fafutuka, amma abin da ya ba ta nasara shi ne akwai rubutattun abubuwa biyu da aka iya ɗorawa a kan juna: ranakun da aka kwantar da yarinyar a asibiti, da lambobin na'urorin awon iska da ke kusa da gidansu na waɗannan ranakun. Kowace makarantarmu na da rajista. In malami ya ƙara layi guda, ya riƙa rubuta dalilin fashin yaro, tari ne ko sarƙewar numfashi ko ciwon ido, asibitin sha-ka-tafi na unguwar ma ya ware nasa lissafin, cikin shekara guda za a samu abin da za a gwada da lambar iska. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai za su iya fara wannan a zangon nan ba tare da jiran Abuja ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba su damar rubuta wa hukumar tarayya su nemi rahoton muhallin masana'antar da ke maƙwabtaka da su.

Sai dai lambar da aka kulle a durowa ba ta da amfani ga uwar da ke kwana zaune da yaro mai fuka. Sharaɗina ga duk wanda zai yi wannan aiki, gwamnati ce ko jami'a ko ƙungiya, shi ne sakamakon ya fito da Hausa, a manna shi a ƙofar makaranta, a karanta a rediyo, a kai wa mai unguwa da hakimi kwafi. Masana'anta za ta iya biyan kuɗin na'ura, hakan ma ya dace, amma kada ta riƙe makullinta.

Abin da ya sa nake ganin maganar ba ta jira shi ne abin da ke tafe. Gwamnatin Gombe ta ware hekta 1,000 a Dadin Kowa don rukunin masana'antu, kusa da madatsar ruwan da ke ba da wuta. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Alkaleri ta Bauchi da jihar Gombe, tare da alkawarin matatar mai da kamfanin taki da tashar wuta. Dokar da ta kafa NESREA ta cire harkar mai da gas daga hurumin hukumar, don haka a can wasu hukumomin ne daban za a bi. Mutanen Fatakwal sun wayi gari tun daga 2016 suna share baƙar toka daga tagoginsu da hancin 'ya'yansu, aka shafe shekaru ana jayayya a kan wanda ya jawo ta. Mu muna da abin da su ba su samu ba, wato damar sanin yadda iskar take kafin bututu na farko ya fara aiki gadan-gadan. In ba a ɗauki wannan lamba yanzu ba, nan da shekara goma duk ƙorafin da iyayen Dadin Kowa ko na ƙauyukan Kolmani za su kai, amsar da hedimastan Yaya ya samu ita za su samu.

Ba aiki ne mai yawa ba. A zana taswirar makarantun da ke cikin kilomita biyu ko uku daga waɗannan wurare, har da na allo da na Islamiyya, waɗanda yaransu kan kwana a fili. A zaɓi na ɓangaren kudu maso yamma da na arewa maso gabas. A kafa na'urorin daidai tsayin hancin yaro ko sama da shi kaɗan, nesa da murhun masu dafa abinci, a ba maigadi alhakinsu da ɗan alawus. A fara a watan Oktoba kafin hazo ya sauko, a bar su su cinye hunturu da bazara da damina ba a kashe su ba.